Tudun Mun Tsira

Ranar da na fara miƙa wa mahaifina wayata domin ya gwada wasan da na shafe wata bakwai ina ginawa, ruwa ya cinye shi sau huɗu kafin kokon da ke gabansa ya huce. Ya riƙe wayar da hannu biyu kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai, babban yatsansa da igiyar koma ta yi wa kanta yana ta zamewa a kan gilashin. A karo na biyar bai sake dannawa ba. Ya ajiye wayar a kan tabarma, ya dube ni, ya ce, “Wa ya gaya maka haka ruwa yake zuwa?”

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, ya kamata mai karatu ya san inda muke zaune. Ƙauyenmu yana cikin ƙaramar hukumar Miga ta jihar Jigawa, a kwarin da kogin Haɗeja yake ratsawa. Ruwan da ke wuce mu daga ƙasar Kano yake tasowa, inda kogin Kano da na Calawa suke haɗuwa, kuma kowannensu yana da madatsa a kansa: ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Calawa da aka kammala a 1992. Daga nan ya biyo ta Wudil da Ringim, ya wuce mu, ya nufi Auyo da Haɗeja, ya bazu a fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, kafin abin da ya rage ya haɗu da na Jama'are su kama hanyar tafkin Cadi. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai. Yashi ya cike wasu hanyoyin ruwan, ciyawar kacala ta toshe wasu, don haka idan damina ta yi nauyi, ruwan da ya rasa hanyar gaba sai ya nemi ta gefe. Mu ne gefen.

A shekarar 2022 ina gida lokacin da ya zo, domin malaman jami'o'i suna yajin aikin da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Tun ruwan bai iso ba labarinsa ya riga shi, 'yan uwa na Ringim suna bugo waya suna cewa ya shigo musu. Kwana uku muna cika buhuna da ƙasa muna ɗaga jinga. A dare na huɗu jingar ta ɓalle. Mun yi mako biyar a ajin wata makarantar firamare da ke kan tudu, gida uku a aji ɗaya, zani ne katanga tsakaninmu. Babu aikin yi, babu hanyar sadarwa sai jefi-jefi, kuma a nan ne na ga abin da ya zame mini aiki daga baya. Idan mutum ya buɗe Chrome babu intanet, wani ƙaton ƙadangare na zamanin da yakan bayyana, wanda kamfanin Google ya saka tun 2014 domin rage wa mai jira zafin jira. Da an taɓa shi sai ya kama gudu yana tsallake ƙayoyi. Yaran ajin nan suka yi layi a kan wayata. Yaron da ɗakin uwarsa ya rushe jiya, yau yana ihu saboda ƙadangare ya yi tuntuɓe. Na kalle su na ce a raina, in Allah ya mayar da ni makaranta, da irin wannan wasa zan yi aikin kammala digirina, kuma yaron da zai yi gudun ɗan Miga ne.

Irin wannan wasa yana da dangi, kuma ana kiran danginsa gudu marar iyaka. Wanda ya fito da shi fili shi ne Canabalt na Adam Saltsman a 2009, inda mutum yake gudu a kan rufin benayen birnin da ke rushewa, maɓalli ɗaya tak gare shi, na tsalle. Temple Run ya biyo a 2011, aikin wasu mata da miji a Amurka, Natalia Luckyanova da Keith Shepherd, ɓarawon gunki ne wasu miyagun birai suke kora. Subway Surfers ya fito daga Denmark a 2012, shi ne wanda kusan kowace wayar yaro a Kano da Dutse ta taɓa ɗauka, yaro yana gudu a kan layin dogo, mai gadi da karensa suna biye. Dukkansu ƙa'idarsu ɗaya: ba a cin wasan. Gudu yana ƙara sauri har sai mai wasa ya yi kuskure, makinsa kuwa shi ne nisan da ya kai kafin ya faɗi. Na sa wa nawa suna Gudun Ruwa. Yaro ne da 'yar shara yake gudu a kan jinga, ambaliya tana biye da shi, yana tsallake rumbun da ya faɗi da kwale-kwalen da ya kife, yana sunkuya wa reshen giginya, yana tsintar damin shinkafa a madadin kuɗin zinariya.

Kayan aikina kwamfutar cinya ce ta hannu da na saya a titin Beirut a Kano, batirinta ba ya wuce awa ɗaya da rabi, da kuma manhajar Godot, wadda wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka fara ginawa aka sake ta kyauta a 2014. Na zaɓe ta ne saboda dalilin da ba na ilimi ba: ba ta kai megabayit ɗari ba, data kuwa da kuɗin abincina nake saye.

Abu na farko da na koya ya ba ni dariya, daga baya ya daina. A yadda aka fi gina irin wannan wasa, mai gudun ba ya zuwa ko'ina. Yana tsaye wuri ɗaya yana wutsil-wutsil da ƙafafu, ƙasar ce take tahowa ta wuce ta ƙarƙashinsa. Dalilin kuwa shi ne, in aka bar shi ya yi ta nisa, lambobin da ke riƙe da matsayinsa za su yi girman da kwamfuta za ta fara kuskuren lissafinsu, hoto ya kama rawa. Ita ma ƙasar ba doguwa ba ce. Gutsure takwas kawai na zana. Duk wanda ya wuce bayan yaron sai a ɗauke shi a kai shi can gaba a sake jera masa cikas, kamar mai tsallake taɓo da katako biyu, yana taka ɗaya yana ɗauko na baya. Waya ba ta da wurin ajiye hanya marar ƙarshe, amma tana iya juya gutsure takwas har batiri ya mutu. Ruwan da ke korar yaron shi ma hoto ne da aka liƙa a bayansa a tazarar da ba ta canzawa sai in ya yi tuntuɓe. Ba ya gudu, ba ya gajiya, tsoratarwa ce kaɗai aikinsa.

Abu na biyu ya fi wuya, kuma ƙanwata ce ta koya mini shi, tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Hanyar yaron layi uku ce, hagu da tsakiya da dama, kwamfuta ce take zaɓar inda za ta sa cikas ta hanyar ƙuri'a, domin kada mai wasa ya haddace hanyar. Ban yi tunanin cewa ƙuri'a za ta iya toshe layukan uku a lokaci guda ba. Ƙanwata ta kai mita dubu da wani abu, abin da ba wanda ya taɓa yi, sai ga rumbu a hagu, rumbu a tsakiya, rumbu a dama. Ta jefar da wayar a kan katifa, ta ce, “Yaya, wannan ai zalunci ne. Ta ina kake so in bi?” Tana da gaskiya. Mai wasa yana yafe wa wasan da ya fi ƙarfinsa, amma ba ya yafe wa wanda ya cuce shi. Dole in ya faɗi ya ji a ransa cewa laifinsa ne, da ya matsa hagu da ya tsira, wannan jin ne yake sa shi sake dannawa.

Sai na zauna na rubuta wa kwamfutar dokokin adalci. Kada a toshe layi uku tare. Kada rami ya fi abin da tsalle ɗaya zai haye, tsallen yarona kuwa kashi bakwai cikin goma na daƙiƙa yake ɗauka, don haka faɗin ramin ya danganta da saurin da ake kai a lokacin. Ido yana ganin abu, yatsa ya amsa bayan kimanin rubu'in daƙiƙa, saboda haka kada cikas biyu su matso juna fiye da haka komai saurin gudun. Har da 'yar yafiya da ba a gaya wa mai wasa: akwatin da kwamfuta take auna karo da shi na rage shi ya gaza jikin yaron, domin in gefen rigarsa ya goga rumbu a ƙyale shi, kuma in ƙafarsa ta bar bakin rami da ƙiftawar ido kafin a danna tsalle, a karɓa. Waɗannan dokoki sun ci mini wata biyu. Ina rubuta su a ɗakin kwanan ɗalibai a Dutse, ina tuna daren da jinga ta ɓalle, ina tambayar kaina wane layi aka bar mana a buɗe.

Akwai wani kuskure da na yi wanda har yau abokaina suke tsokanata da shi. Na ɗaure saurin wasan da yawan hotunan da waya take iya zanawa a daƙiƙa, maimakon in ɗaure shi da agogo. Babbar waya tana zana sittin, ƙaramar waya mai arha da ƙyar take zana rabin haka, sai ya zama a wayar talaka ruwan a hankali yake tafiya. Mako guda masu ƙananan wayoyi suna lallasa 'ya'yan masu hali ba wanda ya san dalili. Na gyara, amma da ɗan nauyin zuciya.

Malamin da ya duba aikina ya yaba, na samu sakamako mai kyau, na dawo gida da wasan a waya ina jin kaina. Ni ɗan fari ne, mahaifina ba ya kiran sunana, ba ya kuma yabona a gaban mutane, don haka ban sa ran yabo ba. Amma ban sa ran tambayar nan ba. Na fara yi masa bayanin cewa wasa ne, dole a sami abin da yake kora. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce ruwa ba ya bin mutum a baya kamar kura. Ta ƙasa yake zuwa, cikin dare, ba hayaniya, sai dai ka sauko da ƙafa daga gado ka ji sanyi. Yana cin gindin katanga tun kana ganin samanta lafiya. Ya ce, “A daren nan ka ga wanda ya yi gudu? Kai da kanka kakarka ce a bayanka. Mai gudu shi ne wanda ba shi da kowa.” Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa alkamar da aka sayar aka biya kuɗin makarantata, da shinkafar da ta sayi kwamfutar, da tarwaɗar da muke ci, duk wannan ruwan ne ya bar su. “Ka mayar da shi dodo,” in ji shi, “ka aika wa mutanen da ba su san shi ba.”

Na ji zafin maganar, kuma na yi kwanaki ina kare kaina a zuci. Wasan yara ba littafin tarihi ba ne. Ba wanda ya je ya tambayi masu aikin jirgin ƙasa ko haka ake gudu a kan layin dogo. Amma na san bambancin. Wanda ya zana biran Temple Run bai taɓa kwana a ajin firamare saboda su ba. Ni na ɗauki abin da ya faru da mutanen da na sani, na cire duk abin da bai dace da ƙa'idar wasan ba, wato nauyin da aka ɗauka, da jiran juna, da komawa, na bar tsoro kaɗai saboda shi ne yake sayuwa.

Maganar sayuwa kuwa ba wasa ba ce a wurina. Na gama bautar ƙasa, ba ni da aiki, kuma wannan wasa shi ne abu ɗaya da na mallaka wanda zai iya zama kuɗi. Wani abokina da ke harkar manhaja a Kano ya bayyana mini yadda ake ci da irinsa. Ba a sayar da shi, kyauta ake bayarwa. Idan yaron ya nutse sai a tambayi mai wasa ko yana son ya ci gaba daga inda ya tsaya, in ya yarda ya kalli talla ta daƙiƙa talatin, mai wasan ya sami 'yan kwabbai. Wato yawan nutsewa, yawan riba. Ya ce in ƙara saurin ruwan kaɗan bayan minti na farko. Shawara ce ta gaskiya daga mai son ci gabana, haka kasuwar take, kuma ban ga laifin wanda ya bi ta ba. Ni dai na kasa. A wannan shekarar an yi jana'izar yara a garuruwan da ke bakin kogin nan, wasu kwale-kwale ne ya kife da su, wasu gini ne ya faɗa musu.

Ƙanwata ce ta sake ba ni bakin zaren, ba tare da ta sani ba. Wata rana tana wasan ta tambaye ni a mita nawa ake isa makarantar. Na ce wace makaranta? Ta ce ta kan tudu mana, inda muka zauna. Ashe duk watannin nan tana ƙoƙari ne ta kai yaron can. Na gaya mata babu tudu, ban zana shi ba, haka irin wasan yake. Ta dube ni kamar na ce mata rijiyar gidanmu ba ta da ƙasa. Hausawa suna cewa an kai tudun mun tsira idan wahala ta wuce, mu kuwa a wurinmu tudun nan wuri ne na gaske, yana da allo da kujeru da rufin kwano mai yoyo.

Na koma kan kwamfutar, ina caji a shagon mai sola a bakin kasuwa, na rushe rabin abin da na gina. Yanzu ruwan ba ya kora, tasowa yake daga ƙasan gilashin a hankali, idon sawu, gwiwa, ƙugu, kuma gwargwadon zurfinsa gwargwadon nauyin ƙafar yaron. Abin da ake tsinta a hanya ya daina zama maki kawai. Akwai buhun iri, akwai akuya, akwai ƙaramin yaro a kan katanga, akwai tsohuwa, kowanne in ka ɗauka yana rage maka sauri yana gajarta maka tsalle. Wannan ya tilasta mini sake lissafin dokokin adalci gaba ɗaya, domin ramin da mai hannu wofi zai haye ba shi ne wanda mai goyon tsohuwa zai haye ba, kuma na yi rantsuwa ba zan bar hanyar da ɗaukar mutum zai zama hukuncin kisa ba. Bayan minti uku tudu yana bayyana. Makinka shi ne abin da ka iso da shi. Daga nan ruwan ya janye, a koma, a shuka irin da aka tsirar a danshin da ya bari, a girbe, sai gajimare ya haɗu, wata daminar ta fara da ruwan da ya ɗan fi na bara. Rashin iyakar bai tafi ko'ina ba, na ɗauke shi ne daga kan hanya na mayar da shi kan shekaru. Gutsuren ƙasar ma har yanzu takwas ne.

Ba zan ce sabon ya fi daɗi ba. Yawancin yaran da suka karɓi wasan ta Xender a shagon caji sun fi son tsohon, sun ce wannan yana da jan rai, kuma na fahimce su, domin gudu tsagwaronsa yana da wani daɗi da ɗaukar akuya ba ya da shi. Abokina na Kano ya ce abin da na yi ya fita daga dangin gudu marar iyaka, bai kuma shiga wani dangin da aka san yadda ake tallarsa ba. Har yau ban sa shi a Play Store ba. Dala ashirin da biyar ake biya kafin a buɗe wa mutum shafi, kuma duk lokacin da na tara abin da ya kusa kai wa, sai wata buƙata ta gida ta riga ta. Dukkan wasannin biyu suna nan a kwamfutar, wadda nake naɗewa a leda biyu in rataye a saman ɗaki da zarar watan Agusta ya kama.

Na sake kai wa mahaifina wayar bayan sallar isha'i wani dare da sanyi ya fara shigowa. Wannan karon ya daɗe. Na lura ba ya taɓa wuce buhun iri, ko da zai bar akuya, kuma in ya ga tsohuwar yakan yi ƙaramin tsaki kafin ya ɗauke ta, kamar yadda yake yi wa kakata in ta ƙi barin ɗakinta. Ya isa tudu a gwaji na uku. Ya kalli ruwan yana janyewa, ya kalli yaron yana shuka, sai ya matso da wayar kusa da idonsa.

“Wannan mece ce yake shukawa?”

Na ce, “Alkama ce, Baba.”

“Ruwa na janyewa?” Ya girgiza kai. “Ba a shuka alkama sai sanyi ya sauka. In ya zuba ta yanzu zafi zai kashe ta. Ka sa ya jira, ko ka ba shi wake.”

Na ɗauko littafin da nake rubuta kurakuran da ke jiran gyara, na rubuta shi a lamba ta goma sha huɗu, a ƙarƙashin akuyar da take ratsa katanga in an ɗauke ta ana cikin tsalle.